Turakin wa? Fashin baƙi kan raɗa wa yaro sunan dangi a matsayin sunan yanka

Sati uku ke nan da aka yi suna a gidan ƙanina a Rikkos, amma har yau maganar ta ƙi mutuwa a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, da ta lafa sai wani ya sake tono ta. Matarsa ce ta haifi namiji, ɗan fari. Ita kuma mahaifinta Allah Ya yi masa rasuwa bara, 'ya'yansa shida duk mata, kuma kaf unguwarsu da gidan Turaki aka san su, saboda kakan mahaifin nata ya riƙe sarautar a garinsu na asali tun kafin zuri'ar ta taso Jos zamanin haƙar kuza. A takardunta na makaranta ma Turaki ne a ƙarshen sunanta. To sai ta roƙi mijinta alfarma ɗaya, a sa wa yaron Turaki, ya zama shi ne sunansa na yanka, don kada sunan gidansu ya ƙare a kanta ita da 'yan'uwanta mata. Ƙanina ya amince mata, ya yi gum bai gaya wa kowa ba sai ana gobe suna bayan isha'i.

Kawunmu, wanda shi ne uba a gare mu tun rasuwar Baba, yana zaune a zaure kan tabarma da hular sanyi har kunne, yana ƙirga goro yara na ƙullawa a leda tare da dabino. Da ya ji sunan sai ya ajiye goron da ke hannunsa, ya ɗago ya ce, "Turakin wa? Wa ya naɗa shi?" Ƙanina ya ce, "Kawu ai sunan gidansu ne." Kawu ya ce, "To gidansu aka haifa maka ko yaro?" Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan ragon suna a tsakar gida.

Tun daga daren nan nake juya maganar a raina, kuma abun da na lura da shi shi ne rabin gardamar da ake yi, kowa da abun da yake nufi in ya ce sunan dangi. Mu Hausawa asali ba mu da shi. Abun da muke da shi sunan yanka ne, wanda ake raɗawa ranar bakwai a yanka rago a kansa, sai a jingina ka ga ubanka, shi ke nan. Isa ya haifi Musa, a ce Musa Isa ko Musa ɗan Isa, Musa ya haifi Ali a ce Ali Musa, sunan baya yana canzawa ne da kowane ɗa, ba ya daskarewa a wuri ɗaya. Kuma wannan ya yi daidai da abun da addini ya zo da shi, aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta ce a kira su da sunan ubanninsu, ita ce ta sa Zaidu da ake ce wa ɗan Muhammadu ya koma Zaidu ɗan Harisa. Saboda haka in Bahaushe ya ce wai bai dace a sa sunan ƙarshe a farko ba, sai ka tambaye shi wane sunan ƙarshen? Abubakar, Usman, Ibrahim, Musa, duk suna ƙarshen sunan miliyoyin mutane, kuma duk sunan yankan wani ne da aka yanka wa rago.

Makarantar boko ce ta fara kawo mana wani abu mai kama da sunan dangi, shi ma ta wata hanya daban. Aji ɗaya za ka samu Muhammadu biyar, Abubakar huɗu, sai a bambanta su da garin da suka fito, wasu kuma kunyar ambaton sunan uba a fili ce ta sa suka gwammace sunan gari. Sardauna Ahmadu Bello da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta. Mahaifin Malam Aminu Kano sunansa Yusufu, mahaifin Shehu Shagari sunansa Aliyu, Shagari gari ne a ƙasar Sakkwato, Tafawa Ɓalewa gari ne a ƙasar Bauchi, haka Zungur na Sa'adu Zungur. Har gobe abun yana nan, Kwankwaso, Ganduje, Tambuwal, Wamakko duk sunayen garuruwa ne. Sai kuma masu sunan sarauta da masu sunan sana'a, su Ciroma, Waziri, Galadima, Maƙeri, Wanzam.

Su Turawa da muka aro fom mai gurbin sunan dangi daga wajensu labarinsu daban ne. A Ingila sunan da ake gado ya fara kankama ne bayan 1066, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu suna ɗaya da ɗa ke karɓa daga uba ya miƙa wa jika ba ya canzawa. Yawancinsu ma in ka fassara sana'a ce, Taylor tela ne, Mason magini ne mai aikin dutse, Carter mai jan amalanke, Jackson kuwa ɗan Jack kawai yake nufi. Da yake mace in ta yi aure sunan gidansu ɓacewa yake a wajensu, sai suka fito da dabarar sa wa ɗa sunan gidan uwa a tsakiya ko a farko. Shugaban Amurka Woodrow Wilson sunan gidan mahaifiyarsa ne Woodrow, Delano ɗin da ke tsakiyar sunan Roosevelt na gidan uwarsa ne, haka Fitzgerald ɗin John Kennedy. Na kawo wannan ne don a gane cewa abun da ya motsa zuciyar matar ƙanina tsohon ciwo ne da matan wasu ƙasashe suka ji tun ɗaruruwan shekaru, ba wai fim ta kalla ko ta gani a TikTok ba kamar yadda wata gwaggonmu ta rubuta a guruf.

Abun da yake faruwa da mu yanzu kuwa, a idonmu sunayenmu na baya suke daskarewa. Fasfo yana son gida guda su zama da suna ɗaya a ƙarshe in za a nemi biza, makarantun kuɗi suna son wa da ƙane su zo a jere a rajista, BVN ya zo a 2014, ga NIN da aka ɗaure da layin waya tun ƙarshen 2020, ko ina gurbi uku ne, na dangi, na farko, na tsakiya, kuma kwamfuta ba ta san wani abu wai shi alkunya ba. Sai mutane suka fara tsayar da sunan kaka ya zama na gida baki ɗaya. Manyan gidaje sun riga kowa, Alhassan Ɗantata ya rasu tun 1955 amma har jikoki da tattaɓa kunne Ɗantata suke amsawa, Rabi'u da ke ƙarshen sunan Isyaku Rabi'u da ɗansa Abdussamad asalinsa sunan mutum ɗaya ne, ma'anarsa na huɗu, haka Bayero a gidan sarautar Kano. To ka haɗa wannan da al'adarmu ta yin takwara, inda ɗan fari kusan dole a mayar masa da sunan kakansa, me za ka samu? Sanusi Lamiɗo Sanusi. Sunan farko da na ƙarshe ɗaya, sunan kakansa Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya aka mayar masa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce abun ya yi banbaraƙwai ba. A ajinmu na sakandare kaɗai muna da Usman Ali Usman da Bello Sani Bello.

Mu 'yan Jos ma bai kamata abun ya zame mana baƙo ba, don maƙwabtanmu Birom haka suke. Pam, Dung, Gyang, Davou, Chuwang, za ka ji su a farko za ka ji su a ƙarshe, wannan Pam Dung wancan Dung Pam, filin ƙwallonmu ma sunan Rwang Pam yake ɗauke da shi, Gbong Gwom na yanzu kuma Da Jacob Gyang Buba. Ɗanjuma da Ɗanladi da Ɗan'asabe da muke ce wa yaro saboda ranar da aka haife shi, a gidaje da yawa a Filato da Taraba sun zama sunan dangi sosai, Janar T.Y. Ɗanjuma ya ishe mu misali.

Sai masu cewa ai addini bai yarda ba, ko kuma wai baƙon abu ne a Musuluncinmu. Nan fa dole in tsaya, don gaskiya tarihin sunayenmu bai goyi bayansu ba. Buhari sunan waye? Imamu Buhari sunansa Muhammadu ɗan Isma'ila, an haife shi a shekarar 810 a birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau, Buhari na nufin mutumin Bukhara, kamar ka ce Bakano ko Bazazzagi. Marigayi shugaba Muhammadu Buhari sunan mahaifinsa Adamu, Buharin nan takwara aka yi masa da Imamin, duniya kuma ta ɗauka sunan danginsu ne. Tijjani daga Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas a 1815, Jilani daga Shehu Abdulƙadir mutumin Jilan, Gazali, Nawawi mutumin garin Nawa a Sham, Sanusi, Shazali, duk ba sunan yankan masu su ba ne, nasaba ce ta gari ko ƙabila ko gida, kakanninmu malamai suka mayar da su sunan yara saboda ƙauna da neman albarka. Inyass kuwa sunan dangi ne tsantsa a Senegal, gidan Shehu Ibrahim na Kaulaha, ga shi yau yara nawa ne ke amsa Inyass daga Kano har Bukuru? Ɓangaren Izala ma da aka kafa a nan Jos a 1978 ba a bar su a baya ba, shiga kowace Islamiyya a Unguwar Rogo ko Gangare ka kira Sudais ko Shuraim ka ga hannu nawa za a ɗaga. Limamin Harami sunansa Abdurrahman, Sudais sunan gidansu ne. Shuraim sunansa Sa'ud. Kusan kowane ɓangare na yi, kowa dai da malaman da yake ƙauna.

Abun da addini ya tsaya a kai ma'anar suna ce da kuma kada a raba ɗa da nasabar ubansa. Annabi (SAW) ya canza sunaye saboda ma'anarsu, wadda sunanta ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barratu ta koma Zainab saboda sunan yana da yabon kai, kuma ya ce sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Ba a ce sai sunan Larabci ba, kakanninmu sun rayu da Tanko da Gambo da Nomau da Cindo kusa da sunayensu na yanka lafiya lau.

Duk da haka a daren nan ni bayan Kawu na bi, kuma har yanzu ina nan a kai. Dalilina shi ne Turaki ba kamar Sudais ba ne. Sarauta ce mai rai, kusan kowace masarauta a Arewa tana da Turakinta, mutum ne da sarki ya naɗa wa rawani a gaban jama'a, ana yi masa gaisuwa da ita. In lakabi ne ba komai, gidaje nawa ake ce wa yaro Yarima ko Magaji ko Sarki ko Galadima don so, kowa ya san wasa ne na gida kuma akwai suna na gaskiya a ƙarƙashi. Amma sunan yanka shi ake kira ranar ɗaurin aure a ce wane ɗan wane, shi uwa ke ambata a sujada, shi za a faɗa ranar da aka ajiye mutum a gaban liman. Ka duba yaro ya girma ya je gaisuwa fada, ko aiki ya kai shi wata masarauta, a ce sunanka, ya ce Turaki, a ce na ina, kullum sai ya yi bayanin cewa shi ba na ko'ina ba ne. Wannan nauyi ne da bai roƙa ba. Suna linzami ne in ji Hausawa, kuma wanda aka sa wa ne yake jin sa a baki, ba wanda ya sa ba.

Wanda ya fi damuna ma shi ne yayin sa wa yara sunan bayan 'yan siyasa da 'yan ƙwallo da 'yan fim. Wallahi ina fahimtar ƙauna, ni ma akwai mutanen da nake so har raina. Bayan an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976 an sa wa yara sunansa ba adadi, amma ka lura Murtala sunansa ne na kansa, mai ma'ana, kuma mutumin ya riga ya gama nasa an rufe littafinsa. Wanda yake raye kuwa bai gama ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Siyasar Najeriya da muka sani, wanda kake zubar da hawaye dominsa bana, baɗi ya sauya sheƙa ko kai ka sauya ra'ayi, yaro kuma yana nan da sunan har furfura. Waɗanda aka sa wa Buhari a 2015 su suna da mafita, ko ra'ayin uban ya canza sunan Imami ne tun asali. Amma wanda aka sa wa sunan ƙauyen wani gwamna fa? In ka bi diddigi sunan gari ka raɗa wa ɗanka, garin da wataƙila ba ka taɓa takawa ba, ba kakanka a can ba kakarka. Gaddafi da ake sa wa yara sunan ƙabilarsu ne a Libiya, shi sunansa Mu'ammar. Khan na 'yan fim ɗin Indiya laƙabi ne da ya zama sunan gidaje. Messi sunan dangi ne na mutanen da asalinsu Italiya. In don ƙauna ce a yi lakabi mana, filin ƙwallon kowace unguwa cike yake da su Messi da Kante da Zidan, kuma duk ranar da yaro ya gaji da shi zai ajiye abunsa ba sai ya je kotu ba.

Haka masu ɗauko Mason ko Carter ko Jackson don ya yi daɗi a baki a makarantun Abuja. Ba na raina sana'a, amma mutumin da ba zai yarda a kira ɗansa Magini ko Mai'amalanke da Hausa ba, ya kamata ya san abun da ya sa ke nan da Turanci. Maƙwabtanmu Kirista sun daɗe da Nelson da Clinton da Kennedy, a wajensu ya zauna, kuma yawanci za ka samu akwai sunan yare mai ma'ana a gefe da ake kira a gida.

Akwai wani gefe da sai ɗan Jos zai gane shi sosai. Mu da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, mun san ranar da suna kaɗai yake raba mutum da gida ko ya mayar da shi gida, a tare hanya a ce ya sunanka. Na san iyaye, Musulmi da Kirista, da suka zauna suka zaɓi sunan da ba ya nuna ɓangare, irin su Sarki, Bako, Ɗanladi, Galadima, Yarima, da gangan, saboda yaro ya wuce ko'ina, ya nemi aiki ba a yanke masa hukunci tun daga kan takarda ba. Sunayen dangi da na sarauta sun fi dacewa da wannan buƙatar don duka ɓangarorin suna amsa su. Ba zan iya zagin uban da ya yi haka ba, tsoro ne na gaskiya ya sa shi, wanda ya kwana a barikin soja da iyalinsa yana jiran gari ya lafa ya san abun da nake faɗa. Sai dai abun yana min ciwo ƙwarai a ce mun kai inda uba zai ɓoye ɗansa a cikin suna, kuma a Jos ɗin nan unguwar da ka ce ka fito ma ta isa ta faɗi abun da sunan ya ɓoye.

Sai maganar takardu, wadda masu gardamar guruf ba wanda ya kawo ta alhali ita ce za ta fi cin yaron. Ma'aikacin da ke cike fom sauri yake, layi ya yi tsawo, in ya ga Turaki da Ibrahim ba zai tambaya ba, kansa zai ba shi cewa Turaki ne na dangi ya jefa shi can, Ibrahim ya zama sunan yaro. Ɗan maƙwabcinmu haka ta same shi, sunansa na farko irin waɗanda aka saba ji a ƙarshe ne, takardar haihuwa ta jera shi daidai, ta firamare ta juya, ta gama sakandare ta bi ta firamare, banki kuma ya bi katin ɗan ƙasa. Ba wanda ya lura sai da ya samu gurbin karatu aka zo tantancewa aka ce mutum biyu ne. Na raka uban, dattijo mai sayar da kayan miya a Farin Gada, mun yi sintiri tsakanin kotu wajen rantsuwa da wajen buga canjin suna a jarida da wani ofis da kullum ake ce mana netwok ba ya aiki, yana riƙe da fayil ɗin roba a ƙirji kamar jariri, duk inda muka zauna sai ya sake fito da takardun ya jera a cinya yana nuna min da yatsa, "Duba nan Malam, ai duk shi ne, ni na haife shi." Wata biyu aka yi ana abu ɗaya, kwanakin da bai fita kasuwa ba kuwa ba mai biyan sa.

Kuskuren alƙalami ba ya barin kowa. Ɗan ƙwallon nan Mikel Obi ɗan Jos ne, a nan aka haife shi a 1987, sunan Michael ne aka rubuta Mikel wajen rajistar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2003, sunan ya bi shi har Chelsea har ya karɓe shi ya zama nasa. Shi ya dace abun ya zame masa alheri. Talaka kuwa harafi ɗaya sai ya hana shi cire kuɗinsa a banki.

Amma fa duk wannan bayanin nawa bai share hawayen mai jego ba, kuma ban ji daɗin yadda wasu a gidanmu suka ɗauki maganarta kamar rashin kunya ko son mulkar miji ba. Yarinyar nan mahaifinta ta rasa. Tana kallon allon da ke ƙofar gidansu, ta san in an raba gado an sayar da gidan, nan da shekara ashirin ba mai cewa gidan Turaki, 'ya'yanta da na 'yan'uwanta duk sunan wasu gidaje za su ɗauka. A tsarinmu ɗa na uba ne a suna, wannan haka yake kuma ba na neman a canza, amma dangin uwa ba su da gurbi ko ɗaya a takarda, mu kuma da bakinmu muke cewa dangin uwa sun fi tausayi, in ɗa ya rasa wajen zuwa gidan kawunsa yake nufa. In mace ta nemi a bar wa gidansu wata alama a jikin ɗan da ta ɗauka wata tara, abun a saurare ta ne da mutunci.

Kuma Kawu ya saurara, shi ya sa nake ƙara ganin girmansa. Bayan ya yi faɗansa ya huce, sai ya aika aka kira yayar mai jegon, ta zo ta durƙusa daga bakin zaure, ya ce, "'Yata, marigayi mene ne sunansa na yanka?" Ta sunkuyar da kai ta yi shiru, don ba ta iya faɗa, sai wani yaro ya ce Abdullahi. Kawu ya ce, "To ai kun gama magana. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, gobe za mu mayar da shi."

Da asuba bayan an idar da salla aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sanyi na ratsa ƙashi, kowa ya duƙunƙune cikin bargo da rigar sanyi, ana miƙa shayi. Ƙanina ya matsa kusa da liman ya raɗa masa, liman ya yi salati ya ce an samu Abdullahi, Allah Ya raya shi, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya kai sunan cikin gida, sai muka ji guɗa. Aka ce da sunan ya isa ɗaki mai jegon kuka ta fashe da shi, har sai da innarta ta karɓi jaririn.

Ga kuma inda al'adar da kanta ta biya ta. Ba za ta iya kiran sunan mahaifinta ba, ga shi kuma ɗan fari, alkunya biyu ta haɗu, dole a nemi abun da za a riƙa kiran sa da shi. A wani gidan Abba za a ce ko Walid ko Khalifa ko Baffa. Ita ta ce Turaki, ba wanda ya ce uffan, Kawu ma da ya shiga ganin jariri bayan wanzami ya gama aski cewa ya yi, "Ina Turakin? A miƙo min shi."

Gardamar da ta rage a guruf yanzu ita ce ko a sa Turakin a takarda ko a bar shi a baki. Ni na ce a sa shi a tsakiya, kuma ranar Litinin da ta wuce na raka ƙanina karɓar takardar haihuwa. Kafin mu fita gida na sa ya rubuta a farar takarda da manyan baƙaƙe, Abdullahi a gurbin farko, Turaki a tsakiya, sunansa shi uban a ƙarshe, muka miƙa wa ma'aikaciyar ta kwafa, muka karanta harafi bayan harafi kafin ta buga hatimi. Ya ɗauki hoton takardar ya tura wa matarsa, ya kuma yi kwafi uku a wani shago a Terminus, ɗaya na wajen Kawu.